Mizani Kafin Kunama: Sha'anin Manyan Libarba da Masu Ɗurin Harsashi a Amurka

A ƙasashen duwatsu na yammacin Amurka, wato su Montana da Wayomin da Aidaho, idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyin ƙauye, lokacin farauta kuma ya shige, akwai wani irin mutum da za ka tarar bayan cin abincin dare ya shige ɗan ɗakin da ke bayan gida ya ja ƙofa, ya kunna fitila bisa wani teburi mai kauri wanda aka ɗaure wa ƙarfe mai hannu irin na famfon burtsatse. A gabansa akwai kwansunan tagulla hamsin jere cikin katako mai ramuka, da gwangwanin albarushi guda ɗaya tak, da littafi a buɗe, da ɗan ƙaramin mizani wanda numfashin mutum ma kan girgiza shi.

Ba ya kunna rediyo, ba ya shan taba, in kuwa ɗansa ya leƙo da magana sai ya ɗaga masa hannu ya dakata, har ya gama awon da ke gabansa ya zuba, ya leƙa cikin kwanson da idonsa ya tabbatar.

Abin da mutumin nan ke yi shi ne ɗurin harsashi da hannu, domin babbar libarbarsa, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista tun 1836. Da daɗewa wannan sana'a ta tsofaffi ce da mutanen karkara, ba a cika jin ɗuriyarta a birni ba. Amma a 2020, sa'ad da harsashin kanti ya yi ƙaranci a Amurka kuma tsadarsa ta kai inda ta kai, sai jama'a da yawa waɗanda ba su gaji abin ba suka yi mata caa, har kayan aikinta su ma suka ƙare a kasuwa. Wannan ne ya sa ya kamata a tsaya a dubi asalin al'amarin, da abin da ke cikinsa na hikima, da abin da ke cikinsa na ganganci.

Abu huɗu a cikin harsashi ɗaya

Harsashi, duk da ƙanƙantarsa, haɗin abu huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla, wanda shi ne gidan. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai curin dalma da ya toshe bakinsa, shi ne mai tafiya. Sa'an nan a gindinsa akwai wani ɗan maɓalli mai maganin wuta, wanda za mu kira ƙyastu, shi ne ƙarfen bindiga ke bugu ya ba da tartsatsi. Idan aka yi harbi uku daga cikinsu sun tafi ke nan, amma kwanson, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada, yana nan, kuma libarba ba ta tofar da shi ƙasa kamar yadda sauran bindigogin zamani ke yi, a cikin gangarta yake zama har mai ita ya zazzage shi a tafin hannunsa. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa masu libarba suka fi kowa riƙo da ɗurin hannu.

Mai ɗuri yakan wanke kwanson, ya duba ko ya tsage, ya matsa shi cikin wani ƙarfe ya komar da shi girmansa na asali, domin wuta takan buɗa shi, ya sa sabon ƙyastu, ya auna albarushi, ya ɗora curi, sa'an nan ya lanƙwasa leɓen kwanson ya damƙe curin. Kwanso ɗaya kan jure wannan sau goma ko fiye, in ba a matsa masa da ɗuri mai zafi ba.

Awon da suke yi kuwa da wani ma'auni ne da suke kira giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar hatsi ne, kuma guda 7,000 ke yin laba ɗaya, wajen goma sha biyar da rabi ke yin giram. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba, domin malamanmu ma da ƙwayar sha'ir suka ƙayyade misƙali da dirhami a babin zakka, inda suka ce misƙali ƙwaya 72 ne matsakaita. Sai dai mai ɗurin harsashi bai tsaya ga ƙwaya ba, kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar yake lura da shi, saboda a wajen wasu nau'o'in albarushi abin da ke tsakanin ɗuri mai lafiya da ɗurin da zai raba mutum da yatsunsa bai kai abin da za a ɗebo da bakin farce ba.

Makiyayin da bindiga ta fashe masa

Duk wanda ya bi salsalar manyan libarba na zamanin nan, isnadinsa zai tuƙe ne ga mutum ɗaya, Elmer Keith, wanda aka haifa a 1899, ya tashi a Montana yana kiwon shanu da horar da dawakai, daga baya ya zauna a garin Salmon na Aidaho yana yi wa maharba jagora cikin duwatsu, yana kuma rubutu a mujallu, ya rasu a 1984.

A zamanin ƙuruciyarsa babbar libarba ita ce Colt mai lamba .45, wadda sojan Amurka suka karɓa a 1873. Lambar nan, ga wanda bai saba ba, faɗin bakin bindiga ne a lissafin inci, wato .45 ya kusa rabin inci ke nan. Keith bai gamsu da ƙarfinta ba, domin shi abin da yake nema bindigar da makiyayi zai rataya a ƙugu yana bisa doki, hannuwansa biyu suna aiki, amma in bijimi ya haukace ko ya ci karo da naman dawa ta isar masa. A cikin shekarun 1920 ya ɗauki curi mai nauyi, wanda asalinsa na doguwar bindiga ne, ya ɗura wa tsohuwar Colt, ya ja kunama, sai ganga ta tsage a hannunsa. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu karambani shi ne ya zauna ya nemi illar. Ya lura cewa idan aka huda ramuka shida masu faɗin .45 a cikin ganga, ƙarfen da ya saura tsakaninsu ba shi da kauri, alhali kuwa in ramukan sun ɗan ragu, kamar na harsashin .44 Special, bangon yakan ƙaru. Saboda haka ya koma kan .44 ɗin, ya zana wani curi mai faffaɗan goshi da kafaɗa mai kaifi, mai nauyin giren 250, wanda har yau ana zuba shi ana kiransa da sunansa, ya kuma shafe wajen shekara talatin yana jarrabawa, yana rubutu, yana matsa wa masana'antu lamba su fito da harsashin da shi da abokansa suka daɗe suna ɗurawa a gida.

Sun fara amsawa da .357 Magnum a 1935. Sa'an nan a ƙarshen 1955, shekarar da littafinsa mai suna Sixguns ya fito, kamfanin Remington ya yi harsashin, Smith & Wesson ya yi bindigar, aka sami .44 Magnum, wadda ta shiga kasuwa a 1956, kamfanin Ruger ma ya fito da tasa a shekarar. Curinta mai nauyin giram goma sha biyar da ɗoriya yana fita da gudun da ya wuce mita 400 a sakan guda, wato ya riga ƙararsa isa.

Akwai wata dabara da aka yi a nan wadda ta fi ƙarfin kansa burge ni. Da gangan aka tsawaita kwanson sabon harsashin da misalin sumunin inci, domin kada ya shiga gangar tsofaffin bindigogi waɗanda ba za su iya ɗaukarsa ba. Wato masu abin sun san halin ɗan Adam, sun san wani zai gwada, sai suka rufe masa ƙofa tun daga ƙira.

Da majigi ya sa baki

Shekara goma sha biyar .44 Magnum ta yi tana hannun maharba da 'yan ƙalilan masu sha'awa, ba a rububinta. A 1971 sai aka fito da fim ɗin Dirty Harry, inda Clint Eastwood ya fito a ɗan sandan ciki yana riƙe da samfurin Smith & Wesson mai lamba 29, yana kuranta ta. Nan da nan kantuna suka wayi gari babu ita, mutanen da ba su taɓa shiga daji ba suka riƙa biyan fiye da kuɗinta don su mallake ta. Masu sayar da bindiga na wancan zamani suna da wata riwaya da suke yawan maimaitawa, cewa da yawa daga cikin bindigogin sun dawo kanti ba da jimawa ba, tare da kwalin harsashin da ba a taɓa fiye da shida a cikinsa ba. Ko an ƙara wa labarin gishiri, wanda ya san shurin wannan bindiga ba zai yi mamakinsa ba.

Tun daga nan tseren ƙarfi bai tsaya ba. Dick Casull, wanda tun shekarun 1950 yake nasa gwaje-gwajen kan .45, ya rage ramukan ganga daga shida zuwa biyar don ya sami kaurin bango, ya haifar da .454 Casull, wadda kamfanin Freedom Arms na Wayomin ya fara ƙerawa a 1983. A 2003 Smith & Wesson ya fito da .500 Magnum, bindigar hannu mai nauyin kilo biyu, wadda ƙarfin harbinta ya ninka na .44 fiye da sau biyu, a 2005 kuma ya biyo ta da .460. Faɗin baki dai ya tsaya a rabin inci, domin dokar tarayya ta sa abin da ya wuce haka cikin wani babi mai tsanani, in ba wanda aka keɓe don farauta ba.

Ƙungiyar masana'antun makamai da harsasai ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, ita ke ƙayyade iyakar matsin da kowane harsashi zai haifar a cikin bindiga. Ta yanke wa tsohuwar .45 Colt laba 14,000 a kan kowane inci murabba'i, .44 Magnum laba 36,000, ita kuwa .454 Casull laba 65,000, wanda ya yi daidai da na manyan bindigogin farauta da ake dafawa a kafaɗa. Mai karatu ya tuna cewa wannan wuta tana tashi ne a cikin ƙarfen da ke tsakanin tafukan mutum biyu, kamu biyu ko uku daga fuskarsa.

A tsakiyar wannan tsere aka sami wani maƙeri a garin Cody na Wayomin, John Linebaugh, wanda ya rasu a 2023, ya zo da wata mazhaba dabam, ko da yake shi ma manyan harsasai ya ƙirƙira, .500 a 1986 da .475 a 1988. Hujjarsa ita ce gudu ba shi ke kashe babbar dabba ba, nauyin curi da faɗinsa su ke ratsa tsoka da ƙashi su tafi a miƙe, don haka gara curi mai nauyi da matsakaicin gudu, wanda matsinsa bai kai na masu tseren ba, mai harbi kuma zai iya mallakarsa. Bai tsaya ga da'awa ba, yakan tara mutane su jera jiƙaƙƙun jaridu da ƙasusuwan shanu, kowa ya harba nasa, a auna zurfin da ya shiga a gaban idon jama'a. A ganina a cikin dukan waɗanda suka biyo bayan Keith shi ne ya fi fahimtar abin da tsohon yake nema.

Me ake yi da ita?

Galibi farauta. Jihohi da yawa sun halatta farautar barewar ƙasarsu da aladen daji da bindigar hannu, da sharaɗin ƙarfinta ya kai wani haddi. Masu yin haka sukan ce abin da ke jan su shi ne wahalar, domin wanda ke riƙe da doguwar bindiga mai madubi yana iya harbi daga tsallaken kwari, amma mai libarba tilas ya yi sanɗa, ya lura da iska, ya kusanci dabba kamar mai baka da kibiya. Keith kansa ya ba da labarin ya taɓa ƙarasa wata barewa da wani ya raunata daga nisan yadi 600, labarin da ake gardama a kansa har gobe, kuma ko masu gaskata shi ba su ce a yi koyi da shi ba.

Akwai kuma gasar harbin siffofin ƙarfe, wadda aka aro daga Meksiko, aka kafa mata ƙungiya ta masu bindigar hannu a 1976. Ana jera siffar kaza a mita 50, alade a 100, talotalo a 150, rago a 200, kuma ba a lissafa wa mutum komai sai siffar ta faɗi ƙasa. Ragon ya haura kilo ashirin, saboda haka ƙaramin harsashi sai dai ya buge shi ya yi ƙara ya bar shi tsaye. Wannan gasa ta koya wa masu ɗuri abu mai yawa, domin a mita 200 ɗan bambancin awo tsakanin harsashi da ɗan'uwansa yakan fito fili.

Na uku shi ne tsaron kai daga beyar, babbar dabbar nan mai farata da ke dazuzzukan Alaska da Montana, wadda namijinta kan kai nauyin bijimi, ga kuma gudu kamar doki. Masunta da masu yawon daji sukan rataya gajeriyar libarba a ƙirji saboda ita, har Ruger ya ƙera wata musamman a 2005 ya sa mata sunan Alaska. Amma a nan akwai saɓani mai ƙarfi. Masana dabbobi biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, tare da abokan aikinsu, sun bi diddigin haɗuwar mutane da beyar a Alaska, suka wallafa a 2008 cewa feshin barkono ya kori dabbar a wajen tara cikin goma na lokutan da aka yi amfani da shi. Masu bindiga sukan amsa da cewa iska na iya mayar wa mutum da barkononsa. Masu barkono su ce, mutum nawa ne zai iya saita bindiga mai irin wannan shuri a cikin sakan biyu, gabansa na faɗuwa, dabba na tahowa? Da yawa daga mazauna can sun raba gardamar ta hanyar ɗaukar duka biyun.

Shekarar da ƙyastu ya ɓace

Dalilin farko da ke kai mutum ga ɗurin hannu kuɗi ne. Harsashi ɗaya na .454 ko .500 yakan ci dala da dama a kanti, wanda ya ɗura da kansa kuwa yakan rage rabin kuɗin ko fiye. Sai dai su kansu masu abin sukan faɗa cewa ba wanda ya taɓa tara ko anini ta wannan hanya, domin abin da aka rage a kan harsashi ɗaya yakan tafi wajen yawaita harbi.

Dalili na biyu ya fi wannan daraja. Mai ɗuri yana da ikon sassauta harsashinsa. Yana iya ɗura wa babbar bindiga ɗuri mai taushi wanda zai yini yana koyon saiti da shi ba tare da wuyan hannunsa ya kumbura ba, ya ajiye mai zafin don ranar farauta. Ba a ƙware da bindigar da ake jin tsoronta, kuma wanda ya fara da ɗuri mai zafi yakan kamu da wata razana, ya riƙa runtse ido yana tunkuɗa bakin bindiga ƙasa tun kafin ta tashi, cutar da kan ɗauki shekaru ba ta rabu da mutum ba.

An yi ƙarancin harsashi a Amurka wajen 2009, an sake yi a 2013, amma na 2020 ya fi su tsanani. Annobar korona, da tarzomar birane, da zaɓe mai zafi suka haɗu, miliyoyin mutane suka sayi bindiga karo na farko, ga kuma kamfanin Remington ya karye a shekarar. Masu ɗuri sun zaci su sun tsira, sai ga shi an kama su ta inda ba su da dabara. Mutum na iya tsintar kwanso, yana iya narka dalma ya zuba curi, amma ƙyastu ba a yin sa a gida, kuma kamfanonin da ke yin sa a ƙasar 'yan kaɗan ne, su CCI da Federal da Winchester da Remington, waɗanda su ne dai masu yin harsashin kanti, don haka suka fara biyan bukatar kansu. Kuɗinsa ya ninka sau da yawa, aka riƙa sayar wa mutum ƙididdigagge, kuma har yanzu bai koma farashinsa na da ba.

Illar da ta fi damuna a wannan ƙaranci ita ce ya koya wa sababbin shiga musanye. Wanda bai sami albarushin da littafi ya ambata ba sai ya sayi wanda ya samu, ya yi ƙiyasi da kansa, ko ya ɗauki awo daga bakin wani da bai sani ba a intanet. A wannan fage kuwa ƙiyasi ba shi da muhalli, nassi ake bi, nassin kuma shi ne littattafan da kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Speer ke bugawa bayan sun auna matsin kowane ɗuri da na'ura.

Kuskuren da ba a gyara shi

Mafi muni shi ne zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya. Kwansunan manyan libarba suna da zurfi, wasu nau'o'in albarushi kuwa kaɗan ake sawa, har ninki biyu ya shige ido bai lura ba in ba an leƙa da fitila ba. Sakamakonsa shi ne abin da ya sami Keith, ko abin da ya fi shi. Kishiyarsa kuma ita ce mantawa da albarushin ɗungum: ƙyastu kaɗai ya tura curi ya maƙale a tsakiyar bututu, in mai harbi bai lura da raunin ƙarar ba ya sake jan kunama, na biyu ya tarar da na farko a hanya.

Akwai kuma kuskuren da ya keɓanta da manyan libarba. Idan leɓen kwanso bai damƙe curi da kyau ba, shurin harbi na fari da na biyu yakan zazzago curin sauran harsasai gaba, har ɗaya ya leƙo daga bakin ganga ya hana ta juyawa. A filin gasa wannan abin kunya ne kawai, a gaban beyar kuwa wani abu ne dabam. Haka kuma tsohuwar .45 Colt, wadda ake ɗura mata ɗuri mai zafi don bindigogin Ruger masu kauri, har littattafai suka ware masa babi na musamman. In wannan harsashi ya faɗa cikin Colt ta kakanni, babu tsawon kwanson da zai hana shi shiga. Shi ya sa mai hankali ke rubuta komai a jikin kwali, ba ya kuma harba ɗurin wani, ko da amininsa ne. Kamfanonin bindiga ma sukan rubuta a takardarsu cewa ba su ɗauki alhakin abin da ɗurin gida ya jawo ba, doka kuma ta hana sayar da shi sai da lasisin tarayya.

Ko da harsashin kanti ne, bindigar kanta tana da nata sharuɗɗa. Tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tazara inda wuta ke tsartuwa ta gefe, wadda a manyan samfura ta isa ta yanke yatsan da ya kusance ta. Ƙararta ta wuce abin da kunne ke jurewa ko sau ɗaya, shi ya sa tsofaffin maharba da yawa ba sa ji sai an ɗaga murya. Kuma an taɓa rasa rai ta hanyar miƙa wa baƙo .500 cike da harsashi, shuri ya ɗaga bakinta sama, yatsa ya sake matsa kunama ba da niyya ba. Malaman harbi na kirki harsashi ɗaya suke sa wa ɗalibi a ganga.

Dalma

Masu zuba curi da kansu sukan narka dalma a tukunya, a da galibi daga ƙarafan da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta, kafin a fara maye gurbinsu da wasu ƙarafa. Gubar ba a wajen narkawa kaɗai take ba, tana cikin ƙurar da ke tashi wajen wanke kwanso, domin shi ma ƙyastun da dalma ake haɗa maganinsa, tana kuma bin hannu da tufafi zuwa cikin gida inda yara suke. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma ɗungum tun daga Yulin 2019, musamman saboda wata babbar ungulu da ta kusa ƙarewa, wadda ke cin ragowar naman da maharba suka bari ta haɗiye ɓarɓashin. Masu zuba curi sun ji zafin dokar, suna cewa curinsu mai tauri ba ya farfashewa kamar na dogayen bindigogi masu gudu, amma doka ba ta ware su ba.

Masu suka da masu kariya

Ba a maganar bindiga a Amurka a tsallake gawarwaki. A 2021 mutane fiye da 48,000 suka mutu ta hanyar harbi a ƙasar, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Masu neman a tsaurara doka suna cewa al'adar kuranta bindiga, ko ta farauta ce ko ta majigi, ita ke shayar da wannan musiba, suna kuma ƙorafin cewa a yawancin jihohi mutum na iya sayen kayan ɗuri ba tare da an binciki ko shi wane ne ba.

Masu kariya kuwa suna cewa ɗan fashi ba ya ɗaukar bindiga mai kilo biyu da harsashi biyar, ba ya kuma zama ya auna albarushi da mizani, abin da 'yan sanda suka fi kamawa ƙananan bindigogi ne masu cin harsashi da yawa. Suna kuma tunatarwa cewa tun 1937 akwai harajin da ake ɗora wa bindigogi da harsasai, wajen kashi goma cikin ɗari, wanda ake kashewa kan kiyaye namun daji da dazuzzukansu.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya faɗa, ko da yake ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Dattijon da muka bari a ɗakinsa da mizani ba shi ne matsalar titunan Amurka ba, amma bindigar da ke gidansa tana iya zama ajalin jikansa ko nasa a ranar baƙin ciki, in bai kulle ta ba. A Nijeriya dai babu wannan muhawara ta fuskar shari'a, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai waɗanda ba a mallaka sai da iznin shugaban ƙasa.

Hukuncina a kan tseren ƙarfin shi ne ya wuce bukata tun da daɗewa. Abin da Keith ya nema an same shi a 1956, abin da Linebaugh ya ƙara na masu fuskantar manyan dabbobi ne, su kuwa ba su da yawa. Mafi yawan masu sayen .500 a yau alfahari suke saye, kuma ba za su iya sa harsashi biyar cikin faifai ɗaya daga taku hamsin ba. Ɗan'uwanmu da zama ya kai shi can, in sha'awar wannan sana'a ta kama shi, ya fara neman malami wanda ya daɗe a cikinta yatsunsa kuma goma ne cif, ya sayi littafin awo kafin ya sayi albarushi, ya fara daga mafi ƙarancin abin da littafin ya ce, ya kuma tanadi akwatin ƙarfe mai makulli tun kafin bindigar ta shigo gidan da 'ya'yansa ke kwana.